Kallon talabijin ta intanet a Sakkwato: daga gwajin sabis zuwa naɗar shiri

Ana saura mako biyu azumi Baffana ya aiko a kira ni gidansa a Mabera. Na iske shi a zaure, rimot a hannu, ga sabon talabijin mai inci 43 da ɗansa ya aiko daga Abuja. Bayan mun gaisa ya ce, "Ɗana, duba man wanga abu. Data ta giga ashirin aka sa mai, kwana huɗu ya shanye ta. Kuma duk sa'ad da na zauna sauraren malam, ko wuta ta tahi, ko hoton shi tsaya shina juyi."

Na ce, "Allah shi ba ka haƙuri, Baffa. Talabijin lafiyarsa lau. Gini ne aka faro daga rufi."

Tun daga ranar na haɗa wa gidaje da dama irin wannan kallo, daga Arkilla zuwa Runjin Sambo, kuma kusan ko'ina matsalar iri ɗaya ce. Mutum ya fara da sayen na'ura, sai daga baya ya tuna da sabis, da data, da wuta. A garinmu na'ura ce ta ƙarshe a layi. Abin da kuma ke sa kallon ya yi amfani ga magidanci shi ne iya naɗar shiri a ajiye, domin wuta da sabis ba sa bin lokacin da ka ware wa zama.

Abin da ya raba shi da dish

Dish da eriya kamar ruwan sama suke. Tasha na watso shiri sau ɗaya, kowa ya tara kwanonsa, ko ka kalli minti biyar ko ka kwana kana kallo ba abin da zai ƙaru a kuɗinka. Kallon intanet kuwa ruwan 'yan garuwa ne, kowane gida da nasa jarka, kuma kowace jarka da kuɗinta. Duk mintin da hoto ke motsi, data ce ke zuba.

Iri biyu ne. Akwai na kai tsaye, inda tasha ke tafiya a kan lokacinta kamar yadda aka saba, wanda masu sana'ar ke kira IPTV. Akwai kuma na zaɓi-ka-kalla, irin YouTube da Netflix, inda shirin ke ajiye sai ka taɓa shi. Yawancin gidaje suna buƙatar kaɗan daga kowanne. Kada ka cire dish ɗinka ko eriyarka don ka sa intanet. Tashoshin gida irin su Rima da NTA Sakkwato eriya ce hanyarsu mafi sauƙi, dish kuwa za mu dawo kansa, don yana da babban aiki a wajen naɗi.

Mataki na farko: gwada sabis a inda talabijin zai zauna

Kada ka dogara da cewa "layi kaza ne ke da ƙarfi a unguwarmu". A gida ɗaya ma zaure da ɗakin uwargida kan bambanta. Nemi layukan MTN da Airtel da Glo, ko na aro ne daga maƙwabta, ka tsaya daidai wurin da za a ajiye talabijin, ka buɗe shafin fast.com a waya. Zai nuna maka lamba da alamar Mbps, wato yawan megabit da ke shigowa cikin daƙiƙa guda.

Lokacin gwajin ya fi gwajin kansa muhimmanci. Da hantsi kowane layi jarumi ne. Ka gwada bayan isha'i, tsakanin ƙarfe 8 da 10 na dare, lokacin da duk unguwa ta hau waya, domin a lokacin ne kai ma za ka zauna kallo. Yi haka kwana uku kana rubutawa a takarda.

Ga ma'aunin da za ka gwama da shi. Lambobin 480p, 720p, 1080p da 4K matakan kyan hoto ne, daga ƙarami zuwa babba. YouTube na neman kimanin Mbps 1.1 don hoto mai lamba 480p, da 2.5 don 720p, da 5 don 1080p. Netflix na neman 3 don 720p, 5 don 1080p, 15 don 4K. Ka ga ashe ba wani gudu mai yawa ake bukata ba. Abin da ake bukata ɗorewa ne. Layin da ke ba ka 4 safe da dare ya fi wanda ke ba ka 30 da rana ya faɗo ƙasa da 1 bayan isha'i.

In ka zaɓi layi, saya masa rauta tasa, wato 'yar na'urar da ke raba intanet a gida ta wayfay. Jona talabijin da wayar maigida ta hotsifot yana aiki, amma wayar za ta yi zafi, batirinta ya gaji da wuri, kuma da ya fita kasuwa gida ya zauna ba kallo. Ajiye rautar a sama, kusa da taga, ba cikin kabad ko bayan talabijin ba. Sau da yawa matsar da ita taku biyar kawai kan ninka ƙarfin sabis. In tana fitar da wayfay iri biyu, mai lamba 2.4 ya fi ratsa bango ya kai nesa, mai lamba 5 ya fi gudu amma bango mai kauri na kashe shi. Gidajenmu masu sassa da katangu sun fi dacewa da 2.4, sai in rauta da talabijin ɗaki ɗaya suke. Mafi alheri duka shi ne a ja wayar intanet daga rauta zuwa talabijin, tana iya kaiwa mita 100 ba tare da ta rage komai ba.

Wanda ke can bayan gari inda turakun sabis suka yi nisa, akwai Starlink, da ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023. Yana da gudu, amma kayansa da kuɗin watansa na da nauyi, yana cin wuta ninkin rauta sau da yawa, kuma ruwan sama mai ƙarfi kan katse shi na ɗan lokaci. Ga ƙaramin gida cikin gari ba na ba da shawararsa a matsayin farawa.

Mataki na biyu: lissafin data, kafin ka kashe ko sisi

A nan gidan Baffa ya yi asara. Lissafin mai sauƙi ne: kowane Mbps 1 na cin kusan rabin giga a awa guda, 0.45 in ana son daidai. Saboda haka awa ɗaya a 480p rabin giga ce, a 720p giga ɗaya da ɗoriya, a 1080p giga biyu da kwata. Netflix da kansa ya ce hotonsa mai kyau kan kai giga 3 a awa, 4K kuma giga 7.

Yanzu ɗauki gidan da ke kallon awa uku kullum, wato awa 90 a wata. A 480p giga 45 ke nan. A 720p kusan giga 100. A 1080p giga 200. Gida ɗaya, shiri ɗaya, amma kuɗin ya ninka sau huɗu saboda wani saiti da ba wanda ya taɓa. Talabijin in ka bar shi da kansa hoto mafi girma da sabis zai iya ɗauka yake jawowa, ba ruwansa da aljihunka. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin farashi har kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, wannan lissafi ya zama wajibi ga duk mai iyali.

Abin yi shi ne ka shiga saitin kowace manhaja ka ɗaure mata hannu. A YouTube taɓa alamar saiti a kan bidiyon ka zaɓi 480p ko 720p. A Netflix ana yi ne daga shafin asusunka, a wajen saitin kallo, kuma kowane mai suna a asusun da nasa. Kashe saitin da ke sa wani bidiyo ya fara da kansa idan na farko ya ƙare, shi ne ke cinye data bayan kowa ya yi barci a gaban allo. A talabijin mai inci 32 da ake kallo daga tabarma, taku huɗu ko biyar, 480p ya ishi wa'azi da labarai da hira. Ƙwallo ce kaɗai nake ɗaga wa zuwa 720p, don ƙwallon kanta kan ɓace a ƙaramin hoto.

Lambar *323# na nuna ragowar data a duk layukan, *312# kuma ta sayen data ce. Duba kafin kallo da bayan awa guda, ka ga da idonka abin da ya tafi. Tsarin da ake tallatawa da sunan "mara iyaka" kuwa, karanta ƙananan rubutunsa. Galibi akwai adadin da in ka kai shi za a rage maka gudu har ƙarshen wata.

Mataki na uku: na'ura

In talabijin ɗinka na zamani ne mai manhajoji a ciki, fara da shi, kada ka sayi komai tukuna. Sai dai ka sani kowane kamfani da tsarinsa: Samsung na da Tizen, LG na da webOS, Hisense galibi VIDAA. Dukansu suna da YouTube da Netflix, amma manhajojin naɗi da yawa a kan Android kaɗai suke aiki. Wanda ke da niyyar naɗa zai bukaci ɗan akwati ko 'yar sanda da ake sokawa a ramin HDMI, irin Xiaomi TV Box ko Fire TV Stick na Amazon. Don naɗi akwati ya fi sanda, saboda yana da ramin USB a jikinsa. Tsohon talabijin mai ramuka uku, ja da fari da rawaya, shi ma ba a yar da shi, akwai 'yar na'urar da ke juya HDMI zuwa waɗannan wayoyi.

Inda nake roƙon ka tsaya ka yi tunani shi ne akwatunan Android marasa sunan kamfani, masu araha, da ake rubuta manyan lambobi a kwalinsu. Araha ba ta ado. Yawancinsu ba su da shaidar Google, don haka Netflix ba zai ba su hoto mai kyau ba ko da ka biya. Abin da ya fi wannan muni, an samu da yawa daga cikinsu da muguwar manhaja tun daga masana'anta, har hukumar FBI ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kansu a Yunin 2025. Irin wannan akwati na iya amfani da intanet ɗinka yana yi wa wasu aiki a ɓoye, da datar da kai ka saya. Kafin ka biya, sa mai shago ya kunna, ka shiga Play Store, ka duba a saiti ko an rubuta cewa na'urar na da shaidar Play Protect. In ya ce ba sai an duba ba, ka yi masa sallama.

Zafin Sakkwato ma abin lissafi ne. Daga Maris zuwa Mayu ma'auni kan haura 40, bayan talabijin kuwa ya fi haka. 'Yar sandar da ke manne a can takan yi zafi ta fara sanɗa ko ta kashe kanta. Yi amfani da guntuwar wayar HDMI ka fito da ita inda iska ke bugawa. Kada a rufe akwati da ƙyallen ado. Da hunturu kuma a riƙa kakkaɓe ƙurar da ke toshe ramukan iskarsa.

Mataki na huɗu: wuta

Ba sai na gaya wa ɗan Sakkwato halin wuta ba. Dabarar ita ce ka raba kayan gida biyu. Talabijin shi ne mai ci, na inci 32 kan ja wat 30 zuwa 50. Rauta da akwati kuwa su biyun ba sa wuce wat 20. Akwai ƙaramin batir da ake sayarwa musamman don rauta, mai fitar da bolt 12 da bolt 5, yana caji in akwai wuta, ya ci gaba da ba su in ta tafi. Jona rauta da akwati a kansa. Da haka ko an ɗauke wuta, allo ne kawai zai mutu, naɗi na nan na tafiya. Duba lambar bolt da ke jikin cajar rautarka kafin ka saya, don ba duka ne masu 12 ba. Talabijin kuma a sa masa abin kariya daga wutar da ke dawowa da ƙarfi. Mai sola da inbata ya huta da rabin wannan magana.

Mataki na biyar: wa za ka kalla, wa za ka biya

Fara da na kyauta, ka yi wata guda a kai. Channels da TVC da Arise suna tafiya kai tsaye a YouTube, haka Aljazeera ta Larabci da ta Turanci. Sassan Hausa na BBC da DW da RFI da TRT Afrika duk suna da zaurukansu, wato tashoshinsu na YouTube. Arewa24, da ta fara a 2014, tana sa shirye-shiryenta a YouTube kuma tana da manhajarta. Akwai tashar Alƙur'ani daga Makka da ta Sunna daga Madina, dare da rana. Masu shirya finafinan Hausa da dama yanzu a YouTube suke sakin shirinsu mako-mako, kuma kallo a zauren mai shirin, ba na wanda ya kwafa ba, shi ne ke sa ɗan abin talla ya isa hannun waɗanda suka sha wahalar aikin.

Bayan wata za ka san abin da ya rage maka. In ƙwallon Ingila ce, SuperSport ke da ita, kuma mai biyan DStv na iya kallo a manhajar DStv Stream da asusunsa. StarTimes na da StarTimes ON. Netflix, da ya shigo Najeriya a 2016, na finafinai ne, ba shi da tashoshin kai tsaye irin na dish. Duk wanda za ka biya, biya na wata ɗaya tak, ka gwada shi a daren da ya fi cunkoso. Ka kuma tuna cewa in ka sa katin banki za su riƙa cira da kansu duk wata har sai ka shiga ka dakatar. Mai son ƙwallo ya san wani abu guda: hoton intanet kan makara da rabin minti ko fiye, za ka ji ihun gidan kallon unguwa kafin ƙwallo ta shiga raga a allonka.

Sai masu tallar "tasha dubu goma a kuɗi kaɗan" a WhatsApp. Za su turo maka adireshi da suna da lambar sirri ka sa a manhaja. Manhajar kanta, irin TiviMate ko VLC, ba laifi gare ta, kamar rediyo ce da ba ta zo da tasha ba. Abin da ake zuba mata ne na sata. Wani abokina ya biya kuɗin shekara, kafin wata biyu tashoshin suka mutu, lambar mai sayarwa ta daina shiga, ba kuma inda zai kai ƙara. Haka abin yake ko a ƙasashen waje: a Satumbar 2019 'yan sandan Italiya da na wasu ƙasashen Turai suka rufe Xtream Codes, manhajar da masu sayar da irin waɗannan tashoshi ke aiki da ita, allunan masu kallo da yawa suka yi duhu rana ɗaya. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, da aka sa wa hannu a Maris 2023, ta shafi irin wannan aiki na intanet. Ni kam abin da ya fi damuna biyu ne: haƙƙin mutane da ake ci, da kuma tashoshin batsa da kan zo cakuɗe cikin jerin, a gidan da yara ke riƙe rimot.

Tunda an zo kan yara, kafin ka miƙa rimot ka sa lambar sirri a asusun manya na Netflix, ka kunna saitin taƙaitawa a YouTube, ƙanana kuma a buɗe musu YouTube Kids. Ba ya maye gurbin idon uwa, amma yana rage aiki.

Mataki na shida: naɗi

Saudiyya na gabanmu da awa biyu. Tarawihin Makka na farawa ne wajen lokacin da muke haramar shan ruwa, ba mai zama gaban allo a sa'ar. Tafsirin wani malamin na cin karo da na masallacin unguwa. Labarai na zuwa an ɗauke wuta. Wannan ne ya sa nake cewa naɗi shi ne rabin aikin.

Gaskiya ɗaya tukuna: naɗar shiri daga intanet ba ta rage data a karon farko, abin da kallo zai ci shi naɗi zai ci. Ribar na zuwa a kallo na biyu da na goma, da kuma sa'ad da mutum takwas suka kalli abin da aka jawo sau ɗaya.

Hanya mafi sauƙi ba ta bukatar kayan aiki. Shirin da aka watsa kai tsaye a YouTube, in bai kai awa 12 ba, yakan zauna a zauren bayan an gama, sai in mai shi ya cire. Facebook kuwa tun Fabrairun 2025 kwana 30 yake ajiye bidiyon kai tsaye ya goge, don haka tafsirin da ka bari a can kana cewa sai bayan salla, ƙila ba za ka iske shi ba. A manhajar YouTube ta waya bidiyoyi da yawa na da maɓallin saukewa, Netflix ma haka. Sayi datar dare mai rahusa, ka sauke tsakanin tsakar dare da asuba, ka kalla da rana. Iyakarta ita ce abin da ka sauke na zaune cikin manhajar, ba ya kwafuwa zuwa filashi, yana da wa'adi, kuma na Netflix a waya ko babbar waya ake saukewa, ba a talabijin ba.

Hanya ta biyu ita ce na fi so ga dattawa, domin ba ta cin data ko kaɗan. Yawancin risibobin dish na kyauta suna da ramin USB da jan maɓalli a rimot. Soka filashi, shiga saitin risiba ka bar ta ta tsara shi da kanta, sai ka buɗe jadawalin lokaci ka sa tasha, da ranar, da sa'ar farawa da ta gamawa, ka zaɓi kullum. Haka na yi wa Baffa da tashar Makka. Risiba mai hanci ɗaya, wato mai ramin wayar dish ɗaya tak, ba ta iya naɗar wata tasha kana kallon wata can daban, don haka a gaya wa yara kada su canza. Risibar DStv Explora na naɗa a cikinta, amma ba a fitar da shi. Talabijin masu naɗi da kansu daga eriya kuma galibi suna kulle abin da suka naɗa, ba ya buɗuwa sai a kansu.

Hanya ta uku ta tashoshin intanet ce masu buɗaɗɗen adireshi, wanda kan ƙare da m3u ko m3u8, irin wanda tasha ta bayar da kanta ko kamfani mai lasisi ya ba ka. A akwatin Android, TiviMate na naɗa, amma sai a sigar da ake biya. Sa adireshin, sa na jadawalin shirye-shirye in akwai, nuna masa filashi a matsayin ma'aji, sai ka zaɓi shiri ka taɓa naɗi. A kwamfuta VLC na yi kyauta: buɗe adireshin, fito da ƙarin maɓallai daga saitin gani, ka danna ja. Ɗalibanmu na jami'ar Ɗanfodiyo masu son rubuta umarni, manhajar ffmpeg ta kwamfuta ta fi duka tsabta:

ffmpeg -i "adireshin tasha" -c copy -t 01:30:00 tafsir.ts

Wannan zai naɗi awa ɗaya da rabi ba tare da ya taɓa ingancin hoto ba. Lura da ƙarshen sunan. Fayil mai ts in wuta ta yanke a tsakiya, abin da aka samu zai buɗe. Mai mp4 kuwa in ba a rufe shi daidai ba yakan lalace gaba ɗaya. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, wannan ƙaramin bambanci shi ne tsakanin samun rabin karatu da rasa duka.

Kada ka wahalar da kanka da na'urar kama hoto daga HDMI don naɗar Netflix ko DStv. Akwai kariyar da ake kira HDCP, baƙin allo kawai za ka samu, kuma ya saɓa sharaɗin da ka amince da shi. Abin da ka naɗa ma na gidanka ne. Karatun da malamai suka yarda a yaɗa, yaɗa shi. Fim ɗin wani kuwa kada ya koma hajar masu tura finafinai a waya.

Ma'aji na da nasa tarko. Filashi mai tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce giga 4. A hoto mai Mbps 5 za ka kai wannan iyaka cikin ƙasa da awa biyu, wato wajen lokacin da wasan ƙwallo ya zo ƙarshe. Wasu na'urori kan raba fayil su ci gaba, wasu su tsaya cak. In na'urarka na karɓar exFAT ko NTFS, juya shi zuwa can. Filashin jabu kuma ya cika kasuwa, a rubuta giga 128 a jiki alhali cikinsa bai kai 16 ba, yana nuna yana ɗauka, sai ka zo buɗewa ka iske wayam. Gwada sabo da manhajar H2testw a kwamfuta kafin ka amince masa, ko ka cika shi da bidiyo ka buɗe na farko da na ƙarshe. Faifan ajiya mai tera 1, wato giga 1000, na ɗaukar kusan awa 900 a 720p, sai dai yana jan wutar da ƙaramin akwati ba lallai ya iya ba shi ba, kuma yankewar wuta yana cikin rubutu na lalata shi. Shi ma a jingina shi da batir.

Saita agogon na'urar a GMT+1, in ba haka ba jadawali zai zame da awa guda. Ingila na canza agogo sau biyu a shekara, mu ba ma canzawa: wasan ƙarfe 3 nasu ƙarfe 4 ne a nan daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, sauran watanni ƙarfe 3. Kullum ƙara minti 5 kafin farawa da minti 20 bayan gamawa, domin malam kan zarce da amsa tambayoyi, addu'ar rufewa kuma ita ce dattawa ba sa yafe a yanke musu. Ba a fafe gora ranar tafiya, yi naɗin gwaji na minti goma, ka zare wutar bango da gangan yana tsakiya, ka ga ko batir ya riƙe.

Babban gida mai sassa da yawa na da wata dabara. Tsohuwar kwamfutar cinya, wadda dama tana da batirinta, a sa mata manhajar Jellyfin, kyauta ce, a tara duk abin da aka naɗa a cikinta, a jona ta da rauta. Kowane ɗaki sai ya kalli abin da yake so a wayarsa ta wayfay ɗin gida, bidiyon ba ya bi ta data, domin bai fita daga gidan ba. Amarya na kallon girki, uwargida na sauraren karatu, ba a taru ana jiran rimot ɗaya ba. Sai dai a riƙa sa wa fayiloli suna tun ranar farko, kamar Ramadan-05-Baƙara, in ba haka ba bayan wata za ka iske lambobi ɗari ba ka san na buɗewa ba.

A gidan Baffa abin da muka ƙara bai wuce rauta, da ƙaramin batir, da filashi mai giga 64 a tsohuwar risibarsa ba. Na mayar da YouTube 480p, na rubuta masa matakai huɗu da ajami a bayan kwali na manna a bango. Ranar uku ga azumi na biya bayan tarawihi, na iske shi da maƙwabtansa biyu a zaure suna kallon sallar Makka ta ranar. Ya ɗago ya ce, "Ɗana, gobe ka zo da wani filashin. Malam Liman na son a sa mai irin wanga."